Kafin a haɗu: yadda ake tattara labarin 'yan aji gabanin taron tsofaffin ɗalibai

Yawancin kwamitocin shirya taron tsofaffin ɗalibai a kan abu uku suke ƙarar da ƙarfinsu: zauren taro, abinci, da anko. Ranar taro sai ka ga waɗanda suka zo su ne dai waɗanda dama suke haɗuwa a wurin ɗaurin aure da ta'aziyya, kowa ya san halin da kowa yake ciki. Wanda aka daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba, wanda saboda shi ne ya kamata a yi taron, bai ma ji ana yi ba. Ko kuwa ya ji, amma ya ga guruf ya cika da hotunan ofis da na Umara, sai ya ja jikinsa. (Guruf a nan shi ne zauren 'yan aji na WhatsApp.)

Aikin da yake kawo mutane shi ne wanda ake yi wata shida kafin ranar: gano inda kowa yake, jin labarinsa daga bakinsa, da isar da shi ga sauran ta hanyar da ba za ta kunyata kowa ba. Zan ɗauki misalin ajin da ya gama Jami'ar Bayero ta Kano (BUK) ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya (ABU) wajejen 2000 ko 2001, yana shirin bikin cika shekara 25, domin su ne suka fi shan wahalar neman juna. Sun rabu kafin wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, don haka abin da suka rubuta wa juna a bayan littafi ranar rabuwa bai wuce lambar akwatin gidan waya ba, ko sunan unguwa da na wani kawu mai shago a bakin kasuwa. Matakan dai za su yi wa kowane aji aiki, na kwalejin ilimi ne ko na kimiyya da fasaha.

A fara sanin su wane ne 'yan ajin

Wannan tambaya kamar ba ta da wuya, amma a kanta ake fara samun saɓani. Da shekarar shiga za a ƙirga ko da shekarar fita? Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ya sha rikita lissafin nan tun shekarun 1990, kuma na baya-bayan nan sun ƙara dagula shi: na 2020 ya kai wata tara, na 2022 ya kai wata takwas. Sai ka ga zangon karatun da aka rubuta a takardar shaidar mutum daban, shekarar da ya ajiye biro daban, shekarar da aka yi bikin yaye su kuma daban. Ga 'yan DE, wato waɗanda aka ɗauka kai tsaye da wata takardar shaida ta gaba da sakandare, da suka shigo a aji biyu. Ga waɗanda suka fara da ku amma wani kwas ya riƙe su suka fita da na bayanku. Ga wanda ya canja sashe, ga wadda aure ya ɗauke ta a aji uku ba ta dawo ba, ga wanda aka sallama.

Shawarata ita ce a buɗe ƙofa. Duk wanda ya taɓa zama a aji ɗaya da ku na tsawon zango ɗaya ɗan aji ne, in yana so. A yanke wannan a zaman farko na kwamiti, a rubuta, a sanar. In ba haka ba, wata rana wani zai yi suɓutar baki a guruf ya ce "ai wane ba da mu ya gama ba", kuma daga ranar kun rasa wane.

Bayan haka sai a nemo jerin sunaye na asali, kada a dogara da ƙwaƙwalwa. Wuri mafi sauƙi shi ne littafin bikin yaye ɗalibai na shekarar, wanda ake buga sunayen kowa sashe-sashe. Da wuya a rasa mutum ɗaya a aji da ya adana nasa a akwati. In ba a samu ba, a rubuta takarda zuwa ga shugaban sashe, a kuma leƙa ofishin tsofaffin ɗalibai na jami'ar. A tura wanda yake koyarwa a can in akwai shi a cikinku, don ya san ƙofar da ake bi. Abin lura guda: littafin yaye ɗalibai yakan jera mutane bisa matakin sakamakonsu. Kada a ɗauki hoton shafin a watsa a guruf. Mutum ɗaya ya zauna ya kwafe sunayen bisa jerin baƙaƙe, sakamako ya tsaya a inda yake.

Sunayen a zuba su a jadawali, a Excel ko Google Sheets, mutum biyu ko uku kawai ke da ikon taɓa shi. Gurabun da ake buƙata: suna kamar yadda yake a rajista, sunan da aka fi sanin mutum da shi a makaranta, garin asali, garin da aka ji labarinsa na ƙarshe, lambar waya, wanda ya ɗauki nauyin nemo shi, da halin da ake ciki (an same shi, ana nema, an ce ya rasu, an tabbatar). Gurbin laƙabi yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Akwai mutanen da aka yi shekara huɗu da su ba wanda ya san sunansu na yanka, sai Dogo ko Ustaz ko Sanata. Mata kuma yawanci da sunan mahaifi suka yi rajista, yanzu kuwa unguwarsu ta san su da Maman wane ko da sunan miji, don haka a bar musu gurbi na biyu.

Neman waɗanda suka ɓace

Kada a jefa jerin sunaye a guruf a ce "duk mai lambar waɗannan ya turo". Kowa zai ɗauka wani zai yi. A raba sunayen goma-goma, a damƙa wa mutum ɗaya ɗaya, a ba shi mako biyu. A raba bisa kusanci: wanda suka zauna ɗaki ɗaya a hostal, wanda suka fito daga gari ɗaya, waɗanda malami ɗaya ya duba musu furojet, waɗanda aka tura jiha ɗaya bautar ƙasa.

Facebook yana taimakawa, amma sunaye irin namu suna da yawan takwarori; ka rubuta suna ɗaya ka ga mutum hamsin. Hanyar da ta fi kai wa ga nasara ita ce ta sana'a da ta gari. In lauya ne, reshen ƙungiyar lauyoyi ta NBA na garin da aka ce yana aiki zai san shi. Haka sauran, kowa a bi ta ƙungiyar sana'arsa: likita ta NMA, injiniya ta NSE, malamin makaranta ta NUT ko ofishin ilimi na ƙaramar hukumarsa. In duk wannan ya faskara, a koma tushe. Mutum yakan canja gari da aiki da layin waya, amma gidan ubansa yana nan. Ka sami wani ɗan garin ka ba shi sunan mahaifi da unguwa, ko a je wurin mai unguwa ko limamin masallacin kusa. Zumunci a ƙafa yake, kuma a wannan aikin wani lokaci dole sai an taka ɗin.

Tsohuwar lamba kuma a yi hattara da ita. Kamfanonin waya sukan sake sayar da layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kuma tun da aka fara tilasta haɗa layi da lambar NIN a ƙarshen 2020 layuka da yawa sun rufe, mutane sun canja. Saboda haka kada a sa lamba a guruf sai an kira an ji murya. Ka yi tambayar da ɗan aji ne kawai zai iya amsawa: wa ya koyar da mu kwas kaza a aji biyu, ko a harabar Samaru muka yi karatu ko a ta Kongo in ABU ce, a tsohuwar jami'a muka fara ko a sabuwa ta titin Gwarzo in BUK ce.

Mata su nemi mata. Ko da kun yi shekara huɗu kuna karɓar littafi a hannun juna, yau matar wani ce, kuma kiran namiji baƙo da dare yana iya jawo mata maganar da ba ta nema ba. A sa mata biyu ko uku a kwamiti tun farko, masu cikakken iko, ba 'yan rakiya ba. In dole namiji ne zai fara tuntuɓa, ya tura rubutu da rana, ya faɗi sunansa da dalili, ya ba da lambar wata daga cikin matan kwamiti.

Ga irin saƙon farko da yake aiki:

"Assalamu alaikum, Malam. Da fatan kana lafiya, ya iyali? Ni ne wane, wanda kuka fi sani da kaza, mun yi sashe kaza tare a BUK. 'Yan ajinmu ne muke ƙoƙarin gano juna don mun kusa cika shekara 25 da gamawa. Ba maganar kuɗi ba ce, so muke mu ji kana ina, kana lafiya. In ka amince zan kira ka gobe bayan la'asar."

Jimlar "ba maganar kuɗi ba ce" kada a cire ta. Duk wanda tsohon aboki ya nemo bayan shekara ashirin, abin da yake fara zuwa masa a rai ke nan. Abokan karatu da ba Musulmi ba, ko waɗanda ba sa jin Hausa sosai, a rubuta musu da Turanci da gaisuwar da ta dace da su. ABU musamman ta tara ɗalibai daga kowane sashe na ƙasar nan tun kafuwarta a 1962, kuma ajin da ya koma Hausa zalla a guruf ya sallami wani yanki na kansa ba tare da ya sani ba.

Wani za a same shi ya ce ba ya so. A yi masa godiya, a tambaye shi ko ya yarda a gaya wa sauran yana raye yana lafiya, a ƙyale shi.

Guruf biyu, ba ɗaya ba

A buɗe guruf na sanarwa a WhatsApp wanda admin kaɗai ke iya rubutu, sannan a buɗe na hira. Dalili a fili yake: a guruf ɗaya, sanarwar ranar taro za ta nutse a ƙarƙashin barka da Juma'a da bidiyon maganin basir. Masu yawan aiki da masu ƙarancin data sukan kashe ƙarar guruf ɗin hira ko su fita, amma na sanarwa za su zauna in sun ga saƙo ɗaya ko biyu ne a mako.

Dokokin guruf ɗin hira su zama gajeru, a maƙale su a sama. Ba siyasar jam'iyya, ba muhawarar aƙida, ba talla sai ranar da aka ware mata, ba a tura hoton gawa ko na majinyaci. Na siyasa da na aƙida su ne suke tarwatsa aji. Mutanen da suka ci abinci a kwano ɗaya sai ka ga sun daina gaisawa a kan ɗan takarar da bai san da zamansu ba. Admin ya fara jan kunne a keɓe, ba a bainar jama'a ba, kuma doka ta hau kan babba kamar yadda ta hau kan ƙarami. In kwamishina ya karya aka yi shiru, an gama da dokar.

Sai tsaro. Damfarar da ta fi addabar irin waɗannan gurufuka ita ce a kira mutum a ce daga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ne, za a yi taro ta intanet da daddare, an turo masa lambobi shida ya karanto don a yi masa rajista. Lambobin nan mabuɗin WhatsApp ɗinsa ne. Da ya faɗa an ƙwace, sai a shiga bin 'yan aji ɗaya ɗaya da sunansa ana neman rance na gaggawa. A sanar tun ranar farko cewa kwamiti ba zai taɓa neman wata lamba daga kowa ba, kowa ya kunna matakin tsaro na biyu a WhatsApp ɗinsa, kuma duk wanda aka nemi kuɗi a wurinsa da sunan ɗan aji ya kira ya ji murya tukuna. Linkin shiga guruf kada a manna shi a Facebook, a kuma kunna tsarin da sai admin ya amince kafin sabon mutum ya shigo.

Karɓar labarin kowa

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Fom ɗin da aka saba rabawa yakan tambayi muƙami, wurin aiki, matakin karatu, aure, yawan 'ya'ya. Duba shi da idon wanda kamfaninsu ya rufe shekara biyar da suka wuce yana buga-buga a kasuwa, ko wadda aurenta ya mutu, ko waɗanda Allah bai ba haihuwa ba. Kowane gurbi tuhuma ne a wurinsu. Ba za su cike ba, kuma wanda bai cike fom ba da wuya ya zo taro.

Abin da ya wajaba a fom kaɗan ne: suna, garin zama, lambar waya, da ko mutum yana sa ran zuwa. Sauran duk ganin dama ne, kuma a yi tambayoyin a buɗe yadda kowa zai sami abin faɗa. Me kake yi yanzu da kake jin daɗinsa? Wane malami ne ka fi tunawa, kuma me ya sa? Wa kake so ka sake gani a cikin 'yan aji? Me ya same ka a shekarun nan da kake so mu sani? Da irin waɗannan, manomin shinkafa a Kura da farfesa da matar da ta ajiye aiki ta riƙe gida duk suna da amsa, kuma sau da yawa amsar manomin ta fi daɗin karantawa.

A ƙarshen fom a sa tambayar izini, a rarrabe ta: ka yarda a buga labarinka? Ka yarda a buga hotonka? Ka yarda a ba 'yan aji lambarka? Mutum yana iya yarda da ɗaya ya ƙi biyu. Ban da kasancewar hakan ladabi, Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, kuma jadawalin da ke ɗauke da sunaye da lambobi da garuruwan mutane ba abin da za a miƙa wa ɗan siyasa ko mai talla ba ne, ko da ɗan aji ne.

Google Forms ya isa ga masu son rubutu, amma kada a tsaya a kansa. Da yawa ba za su taɓa buɗe linki ba, alhali in ka ce su turo saƙon murya na minti biyu za su turo na minti bakwai. Wasu kuma sai an kira su. A naɗa mutum biyu masu iya rubutu su saurara su taƙaita, sannan a mayar wa mai labari ya karanta ya amince kafin a fitar. Wannan mayarwar ita ce kariyarku. Doka ɗaya ce a nan ba ta da togiya: labarin mutum daga bakinsa ake karɓa. "Na ji an ce wane ya ƙara aure", "an ce an kama wane", "an ce wance tana gidansu", duk ba su da wuri a jadawali balle a sanarwa.

Kowa a ba shi tsawon rubutu ɗaya, kamar kalma 80 zuwa 100, da hoto ɗaya mai girma ɗaya, a jera bisa baƙaƙe. Babban sakatare zai turo tarihin aikinsa shafi uku. A yi masa godiya a rage. Taken girmamawa a bar wa kowa wanda yake amfani da shi, Dakta ne ko Barista ko Alhaji ko sarauta, amma a maƙala laƙabin makaranta a gefe in mai shi ya yarda. Wasu laƙuban an bar su a baya da dalili, kuma mutum yanzu yana da surukai.

Tsofaffin hotuna su ne suka fi tayar da hira a guruf, don haka a nemo su da wuri, a ɗauke su da waya a wuri mai haske ko a kai a yi sikanin. Sai dai a tambayi duk wanda fuskarsa ta fito sosai, musamman mata. Wadda ta ɗauki hoto da ɗan gyale a bikin ƙungiyar ɗalibai a 1999 mai yiwuwa yau da dogon hijabi take fita, kuma 'ya'yanta suna taɓa wayarta. Haka hoton saurayi da budurwa da ba su kai ga aure ba: ya zauna a akwatin mai shi.

Rasuwa da rashin lafiya

Aji mai shekara 25 da gamawa dole ya yi rashi. Kada a rubuta "marigayi" a gaban sunan kowa sai an ji daga ɗan'uwansa na jini ko matarsa ko mijinta, ko an sami mutum biyu da suka halarci jana'iza. Sunaye suna kama, jita-jita tana tafiya, kuma sanar da mutuwar rayayye a guruf abu ne da yake faruwa. In an tabbatar, a rubuta shekarar rasuwa da garin da aka binne shi. Dalilin rasuwa ba dole ba ne, sai in iyali sun ambata da kansu.

Daga nan kwamiti ya tura mutum biyu ko uku gidan, ko da rasuwar ta shekara goma. A je da sunan aji, a yi ta'aziyya, a nemi izinin sa sunansa da hotonsa a shafin tunawa. In matar tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, mata su shiga wurinta, maza su tsaya wurin iyaye ko 'yan'uwansa. A irin wannan ziyarar ne ake gano ainihin labarin da ya kamata aji ya sani: yaro ya ci jarrabawa ba kuɗin rajista, ko haƙƙin mamaci ya maƙale a ma'aikata shekara da shekaru, alhali a cikin ajin akwai wanda kiran waya ɗaya zai yi a warware. Wannan bayani a kai shi ga ƙaramin kwamitin jin ƙai na mutum uku, ba guruf ba.

Mai jinya kuma a tambaye shi yadda yake so. Wani yana son addu'ar jama'a, wani ba ya son a sani. In za a yi karo-karo, a iya cewa "wani ɗan'uwanmu" ba tare da suna ba, kwamitin jin ƙai ya tsaya shaida.

Tsayar da rana

Kada a tsayar da rana sai an gano fiye da rabin aji, in ba haka ba mazauna gari ɗaya ne za su zaɓa wa kowa. Kwamiti ya fitar da ranaku uku, a yi ƙuri'a a WhatsApp, a rufe bayan mako guda. Kafin a fitar da su a duba kalandar Musulunci, don azumi da sallah suna matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, kuma lokacin aikin Hajji za a rasa mutane. Hutun ƙarshen Disamba yana da kyau don makarantu suna rufe kuma mazauna waje sukan dawo, amma a kauce wa ranar Kirsimeti, a kuma tuna hazo yakan hana jirage sauka a Kano da Kaduna a wannan lokaci. Asabar ta fi. A fara da hantsi a tashi kafin la'asar, saboda masu komawa ta mota kada dare ya yi musu a hanya. Wurin taro in ya yiwu a cikin makarantar, ko wani wuri nata kamar Gidan Mambayya a Kano ko Arewa House a Kaduna, a kuma kama shi da wuri.

Mazauna ƙetare a shirya musu shiga ta Zoom na awa ɗaya, a faɗi lokacin da agogon Najeriya. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, Malesiya da awa bakwai, gabashin Amurka kuma yana bayanmu da awa biyar ko shida gwargwadon lokacin shekara.

Kuɗi

A jinkirta maganarsa har sai labarai sun fara gudana. In ƙungiyar tana da rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a buɗe asusu da sunanta mai sa hannun mutum biyu. In babu, a ware asusu ɗaya da ba a haɗa shi da komai ba, ma'aji ya riƙa fitar da bayanin shiga da fita duk ƙarshen wata. A faɗi mafi ƙarancin gudummawa, a bar sama a buɗe. Jimillar abin da aka tara ake sanarwa. Jerin waɗanda ba su biya ba kada ya taɓa fitowa. A rubuta ƙarara cewa rashin biya ba ya hana zuwa, kuma a ware wani kaso a asirce na kuɗin mota, don tun cire tallafin man fetur a 2023 tafiya daga Maiduguri ko Sakkwato ta zama abin da sai an yi lissafi. Anko ya zama ganin dama.

Fitar da labarai

Kada a tara komai sai ranar taro. Daga wata huɗu kafin ranar, a riƙa fitar da taƙaitaccen rahoto a guruf ɗin sanarwa sau ɗaya a mako, rana ɗaya, lokaci ɗaya. Ya ƙunshi adadin waɗanda aka gano zuwa yanzu, labarin mutum biyar ko shida, sunayen mutum biyar da har yanzu ake nema, da sanarwa ɗaya ta kwamiti. Sunaye biyar a mako sun fi jerin arba'in tasiri, don mutum yakan tsaya ya yi tunani a kan biyar.

Wajen zaɓen waɗanda za a fitar kowane mako a gauraya. In makon farko duk manya ne, kun gaya wa sauran cewa taron ba nasu ba ne. A haɗa mai muƙami da ɗan kasuwa da malamar firamare da wanda ya koma gona, mace da namiji, na kusa da na nesa. Wanda aka daɗe ana nema aka samu, a yi masa maraba da sunansa, a bar mutane su yi ta zolayarsa kwana guda.

Za a fara ganin wani abu da zarar lambobi sun bazu: takardun neman aikin 'ya'ya da ƙanne suna kwarara zuwa wayar duk wanda aka ji yana da kujera. Ba laifi ba ne, amfanin zumunci ke nan, amma in ya yi yawa manyan za su daina ɗaga waya, wasu su fasa zuwa. A naɗa mutum ɗaya mai tattara irin waɗannan buƙatu ya miƙa su a tsare bayan taro.

Malamai ma suna cikin labarin. A nemo waɗanda suke raye, a ji wanda ya yi ritaya da inda ya koma, a aika musu gayyata a takarda, mutum ya kai da hannu. Tsohon malami ba a gayyatarsa da saƙon waya.

Wata guda kafin taro a rufe karɓar labari, a haɗa komai a ƙaramar mujalla: labaran 'yan aji, shafin waɗanda suka rasu, shafin malamai, tsofaffin hotuna, da jerin waɗanda ba a samu ba. Mutum biyu da ba su suka rubuta ba su karanta sunaye harafi-harafi, don mutum yakan yafe komai ban da ɓata masa suna. A fitar da ita a PDF mara nauyi mako guda kafin ranar, ba tare da lambobin waya a ciki ba, tunda ba wanda ya san inda za ta ƙare. Wadda aka buga a takarda a raba a zaure, a kuma ware kwafin iyalan mamata.

A makon ƙarshe masu sunaye goma-goma su sake kiran mutanensu, kira ba rubutu ba, su tambayi yadda kowa zai zo da inda zai kwana, a haɗa masu mota da marasa mota na gari ɗaya. A buga katin maƙalawa a ƙirji mai suna da laƙabi da manyan baƙaƙe, har da na waɗanda suka ce ba tabbas, don furfura da teɓa sun canja mutane kuma ba kowa ne zai iya cewa "ban gane ka ba". A bakin ƙofa a ajiye jerin waɗanda ba a samu ba da biro a gefensa, a sa mutum ɗaya ya zauna a wurin yana tambayar duk mai shigowa ko ya san garin wani daga cikinsu.